Zuwa ga 'Yata Rifkatu

Rifkatu 'yata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Muna nan lafiya, ƙafar babanki ta yi sauƙi har ya koma gona. Ya karatu, ya sanyin Jos?

Saƙonki ya iso. Na yi murna da kika shiga zumuntar ɗalibai, kina azumi, kina kwanan addu'a, har kin fara magana da harsuna. Allah ya ƙara himma. Sai dai magana biyu sun tsaya mini a wuya. Kin ce ikkilisiyarmu ta gida ta yi sanyi, babu wuta a cikinta. Can ƙasa kuma kin ce ba kwa ga-maciji da abokiyar ɗakinki tun da ta ƙarar miki da gas, kowa na girkinta, ko ina kwana babu.

Buɗe Korintiyawa ta fari. A sura ta 1 Manzo Bulus ya shaida cewa mutanen Korinti ba su rasa wata baiwa ba. Harsuna, annabci, ilimi, duk suna da su. Amma a sura ta 3 ya kira su jarirai waɗanda sai madara, don akwai kishi da jayayya a tsakaninsu, wannan ya ce shi na Bulus ne, wancan ya ce na Afolos. Kin gani? Baiwa kyauta ce, wanda ya tuba jiya ma yana iya samunta. Abin da ke cin lokaci shi ne wanda aka lissafa a Galatiyawa 5:22-23, su haƙuri, kirki, tawali'u, kamunkai. Waɗannan ba a gane su a taron farkawa inda kowa ya sha ado. A ɗaki ake gane su, da asuba, sa'ad da kika tarar an kwashe ruwan da kika ɗebo.

Ubangiji kansa ya ce a Matiyu 5:23-24, in ka kawo baikonka ka tuna akwai 'yar tsama tsakaninka da ɗan'uwa, ka ajiye, ka je ku shirya tukuna. Don haka kafin kwanan addu'a na gaba, ki zuba abinci a kwano biyu ki miƙa mata ɗaya. Ko ita ce da laifi. Na san halinki, na babanki kika ɗauko, furta "yi haƙuri" ya fi muku azumin kwana uku wuya.

Sai batun mutumin nan da kika ce yana ganin wahayi, yana sayar da man shafewa. Ban san shi ba, ba zan yanke masa hukunci ba. Amma mutanen Biriya, a Ayyukan Manzanni 17:11, Bulus da kansa ne ya yi musu wa'azi, duk da haka kullum suna bincika Littattafai su ga ko haka ne, aka kuma yaba musu. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa tun 1932. Kakarki ta koyi karatu da girmanta, tana bin baƙi da yatsa, don kada wani ya faɗa mata abin da babu a ciki. Ke kuwa yana cikin wayarki. Ki riƙa karanta littafi guda daga farko har ƙarshe, ki daina tsintar aya ɗaya-ɗaya. Fara da Yakubu, sura biyar ne kacal, kuma yana da magana a kan harshe.

Ikkilisiyar da kika ce ta yi sanyi kuwa, ke yarinya ce a 2014 lokacin da Mubi ta faɗa hannun Boko Haram, mutane suka kwararo Yola da ƙafa. Tsofaffin nan na Zumuntar Mata, masu jan waƙa a hankali har kina gyangyaɗi, su suka ɗora manyan tukwane, suka shimfiɗa tabarmi a ɗakunansu. Ba su tambayi kowa ko Kirista ne ko Musulmi kafin su miƙa masa tuwo ba. Ki iya bakinki a kansu.

In kin zo Kirsimeti, malamar makarantar Lahadi tana neman mai taya ta da ƙananan yara, na ce mata zan tambaye ki. Na ba direba yaji da daddawa, ki je tasha ran Asabar ki karɓa. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki.

Ubangiji ya kiyaye ki.

Ni ce,
Mamanki