Barka da Sallah daga Turomso: Umma, ga abin da nake ci

Turomso, Norwe
Daren Lahadi, 1 ga Shawwal 1446

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Umma da Baba, barkanmu da sallah, da fatan an yi idi lafiya. Allah Ya karɓi ibadunmu, Ya nuna mana ta baɗi da rai da lafiya. Ina gaida Gwaggo da jiki, ina gaida Yaya da maigidanta da yara.

Umma, saƙon da kuka bar min a waya da asuba na saurare shi sau uku. Ba ku tambayi sanyi ba, ba ku tambayi karatu ba. Tambayarku ɗaya ce: me nake ci a ƙasar nan, kuma wa ya ba ni abincin sallah. Shi ya sa na zauna in rubuto amsa, Auta ta karanta muku a tsanake.

Azumin bana ya zo mana da sauƙi, alhamdu lillahi, duk da cewa yini na ƙara tsawo da kusan minti 10 kullum, har na ƙarshensa ya ɗara na farkonsa nesa. Jiya da dare aka tura agogon ƙasar gaba da awa ɗaya, don haka daga yau mun riga Kano da awa guda. Ku riƙa tunawa in za ku kira. Da safe na sa shaddar da Baba ya ɗinka min, na ɗora jibgegiyar rigar sanyi a kai, na taka cikin dusar ƙanƙara zuwa masallacin Alnor. Babu fili, babu hawa, babu algaita. Amma kabbara ɗaya ce da ta gida, kuma da aka sallame 'yan Somaliya suka fito da sambusa da shayi mai kanumfari, aka yi ta musabaha. A nan ne kewa ta ɗan taso min, sai na yi ta salati har ta lafa.

Abincin sallar kuwa, wani dattijo da muke aiki tare a jami'a ne ya ɗauki nauyinsa. Ɗan masunta ne daga tsibirin Senja. Duk watan nan yana lura da ni ba na taɓa komai lokacin da suke buɗe 'yan ƙunshin burodinsu da rana, sai ya ce ranar da na gama shi zai ciyar da ni. Tun mako guda ya kama mana tebur a wani gidan abinci da ke bakin tashar jiragen ruwa. Haka ake yi a nan, saboda baƙin da ke tururuwa kallon koren hasken nan da ke rawa a sama da dare sun cika ko'ina.

Abincin da ya sa aka kawo mana, sunansa molje, kuma ba a samunsa sai a wannan lokaci na shekara. Akwai wani babban kifi da suke kira skrei, wanda ke tasowa daga Tekun Barents, ya yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa gaɓar arewacin Norwe don ya zuba ƙwai, daga Janairu zuwa Afrilu. Zuwansa shi ne kakarsu. Yadda muke jiran sabon gero, haka suke jiransa.

Umma, bari in kwatanta muku farantin. Tsokar kifin fara fat, an dafa ta da ruwa da gishiri kawai, kana taɓa ta da cokali tana ɓarewa falle-falle. A gefe ga ƙwan kifin, an dafa shi cikin jakarsa an yayyanka, yana da ɗan tsakitsaki a baki kamar dambu. A wani ɗan kwano kuma ga hantar kifin da albasa, man hantar na yawo a sama, ruwan ɗorawa. Sai dankalin turawa, sai wani busasshen burodi siriri kamar takarda. Dattijon ya kakkarya burodin a farantinsa, ya jiƙa shi da romon, ya malala man hantar a kai, ya ce in yi yadda ya yi. Lomar farko ƙarni ya ɗan buge ni, ba zan ɓoye muku ba. Ta uku kuwa na fara jin garɗinsa. Babu barkono ko kaɗan, sai na nemi izininsa na ciro ɗan ƙullin yajinku daga aljihu na barbaɗa, shi ma ya miƙo farantinsa.

Na tambaye shi me ya sa suke girmama hanta haka. Ya ce daga wajen 27 ga Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu rana ba ta leƙo garin nan sam, kuma abin da rana ke ba ƙashin mutum, wato bitamin D, a man hantar nan kakanninsa suka same shi tun ba su san sunansa ba. Mahaifiyarsa kan ɗura musu cokali guda kowace safiya duk lokacin sanyi. Man kifin nan da ake ba yara a asibiti a gida, irinsa ne. Ni ma tun zuwana nake sha, ku kwantar da hankalinku.

Abin da ya fi kama zuciyata shi ne ba sa zubar da komai na kifin nan. Harshensa ma soya shi ake yi, kuma yara ne ke yanke shi a bakin ruwa bayan an tashi makaranta, su sayar su tara kuɗinsu. Sauran kifin a rataye shi bibbiyu a kan dogayen katakai, ba gishiri ba wuta, iska da sanyi kaɗai su busar da shi daga Fabrairu zuwa wajen Mayu, har ya yi tauri kamar itace, ya shekara bai lalace ba. Da na ga katakan nan a bara sai na tuna yadda kuke shanya kuɓewa da tumatir a kan tabarma da kaka. Mutane ne da suka san yunwa, suka koyi yi mata tanadi.

Baba, ga wani abu da za ku so ji. Busasshen kan kifin nan da ake kasawa a kasuwar Sabon Gari, wanda Ibo ke kira okporoko, daga nan yake fitowa, galibi daga tsibiran Lofoten da ke kudu da mu. Mafi kyawun gangar jikin Italiya ake kai wa, kawunan kuma a cusa a buhu sai Najeriya. Dattijon ya ce tun yana yaro yake jin sunan ƙasarmu a bakin masunta, kuma lokacin yaƙin basasa, 1967 zuwa 1970, an yi ta aika busasshen kifin nan don ceton yaran da yunwa ta kama. Da ya faɗi haka sai na ji garin ya rage min nisa.

Maganar halal kuwa, ina kiyayewa. Kifi ba shi da matsala, amma akwai tarko: wani da suke kira boknafisk, wanda ake shanyawa mako biyu ko makamancin haka, da soyayyen naman alade ake barbaɗe shi, wasu miyar kuma ana zuba musu giya. Don haka kafin in ce a kawo komai sai na tambaya. Yau ma yarinyar da ke kawo abinci sai da ta koma kicin ta tabbatar, ta dawo ta faɗa min dalla-dalla. Wannan hali nasu na faɗin gaskiyar abin da ke cikin tukunya ina yaba shi ƙwarai.

Naman da suka fi ji da shi na wata dabba ce mai kama da barewa, mai ƙaho kamar rassan bishiya. 'Yan ƙabilar Sami ne ke kiwonta, kuma su ne Fulanin wannan yanki: da sanyi suna can cikin tudu, in ɗumi ya zo su gangaro bakin teku, kowa da irin tsagar da yake yi wa kunnen dabbarsa, kuma rashin ladabi ne ka tambayi mutum yawan garkensa. Suna da farfesu mai suna bidos, da dankali da karas, wanda ake yi a biki. Ƙamshinsa ya kai min daga teburin kusa da mu, amma tunda ban san yankan ba, ban ci ba.

Muka rufe da wasu 'ya'yan itace ruwan zuma masu ɗan tsami, multe, waɗanda ake tsinka a fadama a ƙarshen Yuli da Agusta. Ya ce kowane gida na ɓoye wurin da yake samo nasa, ko aboki ba a faɗa wa.

Tsada kam akwai ta. Farantin nan ɗaya ya haura kurona 400 a kuɗin ƙasar, shi ya sa su kansu ba kullum suke cin abinci a waje ba, ni kuwa sai in yi wata uku ban shiga ba. A al'adarsu ko tare aka je kowa shi ke biyan nasa, ba rowa ba ce, haka suka taso. Amma da na kai hannu aljihu sai ya riƙe min hannu, ya ce ai yau sallata ce. Na yi masa godiyar da suke yi bayan cin abinci, takk for maten, na kuma yi masa addu'a da Hausa. Ku ma ku sa shi a taku, Allah Ya saka masa, Ya shiryar da shi.

Sauran ranaku ni nake girkina. Ina tuƙa tuwon semo, ina kaɗa miyar kuka, in jefa kifin nan a ciki. Sai dai kukar ta kusa ƙarewa, daddawa ma saura kaɗan. In ɗan gidan Kawu zai taso bayan sallah, a haɗo min da kuka, daddawa, busasshiyar kuɓewa da yaji mai yawa, saboda yanzu mu biyu ne masu ci. Don Allah kada a sa kilishi ko man shanu. Dokarsu ta hana shigo da nama da kayan nono daga ƙasashenmu, ƙwacewa za a yi.

Babbar sallah za ta same mu a lokacin da rana ba ta faɗuwa sam, daga wajen 20 ga Mayu har bayan tsakiyar Yuli, lokacin da masallacinmu ke bin agogon Makka. Zan turo kuɗin rago da wuri a yi layyar a gida, a kai wa Gwaggo cinya.

Goron sallah na tura ta hannun Yaya. A ba yara nasu sababbi, a ba almajirin gidan nan nasa daidai da na kowa. Auta, ki ɗauko min hoton Umma da kwalliyarta, da na hawan Nasarawa in kun fita.

Ku ci gaba da sa min albarka.

Ɗanku mai kewarku.