Malamin jami'a mai horar da ƴan gudun dogon zango: a lissafa masa awoyinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ku da abokan aikinku, ina roƙon ku ba ni fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani aiki da shafin wasanni bai cika kula da shi ba, shafin ilimi ma bai cika kula da shi ba, wato aikin malamin jami'a da yake koyarwa a aji sannan yake horar da ɗalibai gudun dogon zango na ratsa daji, wanda muke kira kuros a nan Nijar. Ni malami ne a nan Maraɗi, kuma ina cikin masu fita gudu da ɗalibai bayan sallar asuba. Ra'ayina shi ne haɗa ayyukan nan biyu yana yiwuwa kuma yana da amfani, amma ba zai ɗore ba sai hukumomin jami'a sun lissafa awoyin horarwa cikin nauyin aikin malami, sun rage masa daidai gwargwado a ɗaya ɓangaren.

Amurka ce ƙasar da wannan wasa ya fi kafuwa a jami'o'i, don haka ya dace a fara dubawa can. Hukumar wasannin jami'o'insu, NCAA, ta fara shirya gasar ƙasa ta kuros ta maza a 1938, ta mata kuma a 1981. Ana yin kakar daga ƙarshen Agusta zuwa Nuwamba. A babban rukuni maza suna gudun kilomita 10 a gasar ƙarshe, mata kilomita 6, a rukuni na uku kuwa, inda doka ta hana ba ɗalibi tallafin karatu saboda wasa, maza suna gudun kilomita 8. Kowace jami'a tana sa mutum bakwai, a ɗauki matsayin biyar na farko a haɗa, wadda ta fi ƙarancin maki ita ce ta ci. Na shida da na bakwai ba a lissafa makinsu, amma duk ɗan wata ƙungiya da suka riga isowa sun tura shi baya da mataki ɗaya. Ma'anar wannan lissafi ita ce zakara ɗaya ba ya ci wa jami'a kofi. Mai horarwa dole ya damu da na biyar ɗinsa kamar yadda ya damu da na farko, ya san ko ya ci abinci, ko ya yi barci, ko ƙafarsa ta warke. Wannan hali ne na malamin aji na kirki, wanda ba ya auna kansa da ɗalibin da ya fi kowa hazaƙa kaɗai.

Ba mamaki, to, da wasu daga cikin fitattun masu horarwa a can suka kasance malaman jami'a. Dokta Joe Vigil ya koyar da ilimin aikin gaɓoɓin jiki a jami'ar Adams State da ke Alamosa, wani ƙaramin gari a jihar Kolorado da ke kan tudu kusan mita 2,300 sama da teku, yana kuma horar da ƴan gudunta kusan shekara 30, har suka ci kofunan ƙasa 19. A 1992 ɗalibansa suka kwashe matsayi na ɗaya zuwa na biyar a gasar ƙasa ta rukuni na biyu, suka tashi da maki 15, wanda babu ƙasa da shi. Shi ne kuma ya horar da Deena Kastor da ta ci tagulla a gudun fanfalaki na Olamfik a Atina a 2004. Dokta Jack Daniels shi ma ya yi aikin malami kuma mai horarwa a jami'ar Cortland ta jihar New York, kuma daga bincikensa aka samu jadawalin da ƴan gudu ke amfani da shi har yau domin gane saurin da ya dace da kowane irin atisaye, bisa sakamakon tseren da mutum ya yi kwanan nan. A nahiyarmu ma malaman makaranta ne suka aza harsashin. Colm O'Connell ya je Iten ta Kenya a 1976 domin koyar da labarin ƙasa a makarantar sakandare, ya ƙare da horar da David Rudisha, zakaran Olamfik a gudun mita 800. A Bekoji ta Habasha, malamin motsa jiki Sentayehu Eshetu ne ya fara sa ido a kan Derartu Tulu da Kenenisa Bekele, waɗanda daga baya suka zama zakarun Olamfik a gudun dogon zango.

Abin da malami yake da shi wanda mai horarwa na haya ba shi da shi shi ne yana ganin ɗalibin sau biyu a rana. Yaron da ya yi gudu mai tsanani da asuba, malamin zai gan shi da ƙarfe takwas a kujerar baya yana gyangyaɗi, alƙalami na zamewa daga hannunsa, kuma nan take zai gane cewa atisayen ya wuce ƙima ko kuwa yaron bai karya kumallo ba. Malami ya san makon da jarrabawa za ta faɗo, ya san lokacin da kuɗin tallafin ɗalibai ya yi jinkiri har cin abinci ya koma sau ɗaya a rana, saboda haka ya san ranar da zai sassauta ba tare da an roƙe shi ba. A Amurka sai da aka kafa doka cewa kada wasa ya ci wa ɗalibi fiye da awa 20 a mako a lokacin kaka, domin mai horarwa da albashinsa ya dogara da kofi yana iya mantawa da cewa karatu ne ya kawo yaron. Malamin da zai gyara takardar jarrabawar yaron da hannunsa ba ya bukatar a tuna masa.

Masu adawa za su ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma ba zan ce ba su da hujja ba, domin wanda bai yi aikin ba yana ɗauka cewa awa ɗaya ce ta safe kawai. Ga yadda safiya take. Kafin a idar da sallah malami ya riga ya ɗaure jarkar ruwa a bayan babur. Ana gangarawa wajen Gulbi, inda rairayi ke cinye ƙarfin ƙafa, ana ratsa tsakanin gawo da gonakin rani, ana kauce wa amalanken da suka yi sammako zuwa kasuwa. Malami yana tsaye a mararraba da waya a hannu yana kiran lokaci, yana ƙirga kawuna kada wani ya ɓace a baya, yana lura da wanda ya fara ɗingishi. In an gama sai a zauna a cire ƙarangiya daga safa, a duba tafin ƙafar wanda takalminsa ya huje. Daga nan ya koma gida ya yi wanka a gurguje, ya tsaya gaban ɗaruruwan ɗalibai awa biyu ko uku, da rana ya shiga ɗakin gwaje-gwaje ko taron sashe, da dare ya zauna da tarin takardun jarrabawa. Tsarin atisayen mako mai zuwa, da neman motar zuwa gasa, da raka mai rauni asibiti, da rubuta takardar neman uzuri ga abokan aiki, duk sai ya nemo musu lokaci a tsakanin waɗannan.

Abin da ake fara yankewa idan lokaci ya gaza shi ne bincike, kuma nan ne matsalar take. Ƙarin girman malamin jami'a a ƙasashenmu yana bi ta CAMES, hukumar ilimi mai zurfi ta ƙasashen Afirka da Madagaskar, wadda aka kafa a 1968 kuma take da mazauni a Wagadugu, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne binciken da aka wallafa da ɗaliban da malami ya jagoranta. Wannan daidai ne, don jami'a ce. Su Vigil da Daniels sun yi dace domin fanninsu shi ne jikin ɗan gudu, filin atisaye ya zama musu ɗakin bincike. Amma malamin lissafi ko na aikin gona ba zai fitar da maƙala ko ɗaya daga safiyoyin Gulbi ba. Matashin malami da yake da iyali, yake ganin tsararrakinsa suna hawa matsayi, zai jure shekara biyu ko uku, sannan ya ajiye, ƙungiyar kuma ta watse ranar da ya ajiye, tunda dama babu takardar da ta ce akwai ta. A ƙananan jami'o'in Amurka da dama ana rubuta horarwar cikin kwangilar aiki, a rage wa malami darasi a zangon da ake gasa. Wannan ne ya kamata mu ɗauko, tun kafin mu yi sha'awar kofunansu.

Akwai kuma wani haɗari da bai kamata a rufe shi ba. Mutumin da yake riƙe da makin ɗalibi kuma yake riƙe da gurbinsa a ƙungiya yana da iko biyu a kansa. Ɗalibi yana iya jin tsoron cewa ƙafarsa na ciwo don kada malam ya ɓata rai, sauran ƴan aji kuma suna iya zargin cewa ana yi wa ƴan gudu sassauci a jarrabawa, ko da ba a yi ba. Maganin wannan ba mai wuya ba ne: a rufe sunaye a takardun jarrabawa, ko wani abokin aiki ya gyara na ƴan ƙungiyar, kuma a rubuta a fili cewa barin gudu ba ya shafar karatu. Batun ɗalibai mata ya fi bukatar kulawa, domin iyaye a garin nan ba za su yarda ƴarsu ta fita daji da duku-duku tare da malami namiji ba, kuma suna da gaskiya. Sai an samu malama da za ta jagorance su, su yi atisaye a rukuninsu cikin harabar makaranta da suturar da ta dace da su, ita ma malamar a lissafa mata awoyinta.

Lafiya ma ba abin da za a bar wa malami shi kaɗai ba ne. Tun 2010 NCAA ta wajabta wa ƴan wasan babban rukuni sanin matsayinsu game da ƙwayar gadon sikila, bayan mutuwar wasu ɗalibai a lokacin atisaye mai tsanani. Masu ɗauke da wannan ƙwaya suna da yawa a yankinmu, yawancinsu lafiyarsu ƙalau, suna iya gudu, amma zafi da ƙishirwa da takurawa ba hutu suna iya jefa su cikin haɗari. Ga zazzaɓin cizon sauro da ke rage jini bayan damina, ga ƙurar hunturu ga masu asma, ga zafin Afrilu da Mayu da ke wuce digiri 40. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta nan Maraɗi tana da tsangayar kimiyyar lafiya, saboda haka gwajin jini da na zuciya kafin a fara kaka ba sai an je nesa ba, kuma ɗaliban likitanci ma za su ƙaru da shi.

Wani zai tambaya ko ƙasar da take fama da ƙarancin azuzuwa da malamai tana da sararin wannan. Amsata ita ce babu wasan da ya kai kuros araha. Ba ya bukatar fili mai ciyawa ko zaure ko fitilu, takalmi ne da ruwa da hanya, hanya kuwa Allah ya ba mu daga fadamar Gulbi zuwa Jiratawa, zuwa gefen tafkin Madarunfa. Lambobin Olamfik biyu da Nijar take da su, tagullar Issaka Dabore a dambe a 1972 da azurfar Abdul Razak Alfaga a tekwando a 2016, duka a wasannin faɗa aka samo su, kuma ba na jin ƙarancin ƙafafu ne ya jawo haka a ƙasar da yaran karkara ke tafiyar kilomitoci zuwa makaranta. Kokowa ta bunƙasa ne domin tun 1975, shekarar da Yakuba Kantu ɗan Maraɗi ya ɗauki takobi a Tawa, an yi mata gasa tsayayya da masu kula da ita da aka san da zamansu. Gudu bai samu irin wannan gata ba.

Saboda haka ina kira ga shugabannin jami'o'inmu da ma'aikatar ilimi mai zurfi da su ba malamin da ya karɓi ƙungiya takardar naɗi ta shekara biyu ko uku, a rage masa darasi ɗaya a zangon da ake gasa, a kuma haɗa shi da wani da ya fito daga cibiyar horar da malaman wasanni ta Yamai, INJS, domin malami ya riƙe tsari da bin diddigin karatu, ƙwararren ya riƙe fasahar atisaye, in ɗaya ya yi tafiya aiki bai tsaya ba. Daga lokacin da aka buɗe jami'o'in Maraɗi da Damagaram da Tawa a 2010, sannan na Agadas da Dosso da Diffa da Tillaberi a 2014, kowace jiha tana da tata, kuma mutum bakwai maza da bakwai mata daga kowace sun isa a yi gasar ƙasa mai armashi a yini ɗaya. Game da lokaci, azumi yana ja baya da kimanin kwana 11 kowace shekara, kuma daga 2027 zuwa 2030 zai riƙa kamawa tsakanin farkon Fabrairu da farkon Janairu, wato tsakiyar sanyin da ya fi dacewa da gudu. Shawarata ita ce a fara atisaye a Oktoba bayan girbi, a yi gasar a farkon Disamba, maza kilomita 8, mata kilomita 6, kuma masu tsara jarrabawa su san ranar tun farkon shekarar karatu.

Na gode da filin da kuka ba ni. Allah ya ƙara wa jaridarku ɗaukaka.

Wassalam,
Wani malamin jami'a,
Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.