Amaryarku Ta Yi Ɗaki

Mancesta, Ingila,
watan Yuli.

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Baba, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata takardar nan za ta same ku lafiya, ku da Inna da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Auta ya ce mini yanzu da kanku kuke takawa masallaci ba sai an kai ku a babur ba, na ji daɗi ƙwarai. Allah ya ƙara sauƙi. Yaya damina, ruwa ya zauna? Mu ma nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah.

Na zaɓi in rubuto ne saboda a waya ba ma samun dogon zance, ga tsinkewar layi, ga Ummi tana fizgar wayar. Maganar kuwa ta katako ce, na san ba za ku yarda a gutsure muku ita ba. Auta ya zauna ya karanta muku a tsanake bayan la'asar. Labarin dai shi ne amaryarku ta yi ɗaki, kuma ta ce a gaya wa angon nata ya san abin da yake ciki, don har yanzu ba ta ga ko tabarma daga wajensa ba.

Gidan da muke haya irin gidajen nan ne na jan bulo da suke jere, bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci dama da hagu. A bayansa akwai ɗan fili da aka kewaye da shingen katako, bai kai rabin tsakar gidanmu ba, wani gefe daɓe wani gefe ciyawa. Tun da muka tare ba abin da ake yi a wurin sai shanya, ita ma sai ran da sama ta ga dama.

Ummi ta cika shekara 4, a Satumba za ta shiga makaranta, haka tsarinsu yake. Kafin nan akwai hutun mako shida da ake farawa ƙarshen watan nan. Abin da ya tsaya mini a rai, Baba, yaro a ƙasar nan ba ya fita ƙofar gida shi kaɗai. A unguwarmu yarinya kamar Ummi in ta sha koko da safe ta fice, ba mai sake jin ɗuriyarta sai yunwa ta koro ta, kuma hankalin kowa a kwance yake domin duk matan layin iyayenta ne, wadda ta gan ta tana ɓarna za ta tsawata mata. A nan in aka ga mai shekara huɗu a titi ba babba, ba a jimawa wani zai kira 'yan sanda, daga nan sai ka ga ma'aikatan kula da yara a ƙofarka da tambayoyi. Ko wasa da wata sa'arta za ta yi, sai iyaye sun yi waya sun sa rana da lokaci. Kayan wasa kam tana da su har sun yi yawa, amma daga kujera sai gaban talabijin, sai kukan a ba ta waya. Mamanta ce ta fara cewa a sama mata abin da zai riƙa fitar da ita bayan gida.

Na je B&Q, wani babban kantin kayan gini, na tarar suna sayar da ƙananan ɗakunan wasa na katako, yankakku, kai dai ka kai gida ka haɗa. Mai ɗan dama-dama daga fam 200 ne zuwa sama. Na ƙwanƙwasa bangon ɗaya da yatsa, na duba kaurin filankin, na ce a raina da Baba yana nan ko kallo na biyu ba zai yi masa ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Shekarun da na yi ina riƙe muku bakin katako kuna yanka a rumfa ai ba su tafi a banza ba. Na juyo na bar musu abinsu.

Sai dai a nan ba a wayi gari kawai a kafa ƙusa. Na fara rubuta wa mai gidan, ya amsa da sharaɗin kada in zuba siminti, kuma ran da za mu tashi in kwashe kayana in bar masa filinsa yadda na same shi. Ita ma hukuma tana da nata ƙa'idoji a kan duk abin da za a gina a bayan gida ba tare da neman izini ba. In ginin yana cikin mita 2 daga shingen maƙwabci, tsayinsa kada ya wuce mita biyu da rabi. Gine-ginen kada su cinye fiye da rabin filin. In kuma za ka ɗaga dandamali, kada ya haura santimita 30 daga ƙasa. Wannan ta ƙarshe ita ta hana ni yin mai bene da tsani irin wanda Ummi ta nuna a hoto, domin daga sama yaro yana leƙa gidan mutane, su kuwa ba abin da suka tsana kamar a leƙa su. Ban ga laifinsu ba a nan, mu ma ai ba ma son mai hawa katanga.

Katako kuwa, ku da kuka saba ku je 'Yan Katako a Na'ibawa ku ɗaga afara ku duba, ku ajiye ku ɗauki wani, a yi ciniki har a gaji, da za ku ga farashin tubaifo ɗaya, katakon nan mai inci biyu da huɗu, a nan sai kun riƙe baki. Sabo kaɗan na saya, na ginshiƙai da na ƙasa. Sauran duk daga falet na samu, wato shimfiɗun katakon nan da ake ɗora kaya a kansu a manyan sito. Masu shaguna suna neman wanda zai raba su da su, a Facebook ma ana sa su kyauta, kai dai ka zo ka ɗauka. Amma akwai abin lura. Kowanne da hatimi a gefensa. Mai HT da zafi aka gasa shi don kashe ƙwari, ba shi da illa. Mai MB da wani hayaƙi mai guba aka turara shi, an hana amfani da maganin a nan tun 2010, amma tsofaffi da waɗanda suka zo daga wasu ƙasashe ana cin karo da su, ba a yi wa yaro komai da irinsu. Masu shuɗin fenti kuma na wani kamfani ne da yake ba da su haya, ba a taɓawa. Ɓamɓare su shi ne aikin da ya fi cin rai, domin ƙusoshinsu masu zara-zara ne, ba sa fita da daɗi, in ka matsa filankin ya tsage. Daga baya zarto na riƙa sawa ina yanke bakin, in bar ƙusar a wurinta. Sannan na bi kowane filanki da samfefa har sai da na shafa da bayan hannu ban ji sartse ba.

Abin da zai ba ku mamaki, babu gara a ƙasar nan. Duk baƙin man da kuke shafa wa katako saboda ita, a nan ba a san shi ba. Maƙiyin katako a nan laima ce. Mancesta ko a cikin Ingila an san ta da ruwa, ba irin namu mai zuwa da ƙarfi ya wuce rana ta fito ba, yayyafi ne da zai wuni ya kwana, ƙasa ba ta bushewa. Katakon da ya taɓa ƙasa yana fara ruɓewa daga ƙasa ba ka sani ba. Don haka na share wurin, na zuba tsakuwa, na jera falalen daɓe guda shida na daidaita su da ma'aunin nan mai ɗigon ruwa a ciki, sannan na ɗora katakon da aka dafa da maganin ruɓa a kansu, iska tana wucewa ta ƙarƙashi. Ramin da ya rage a ƙasa na toshe shi da ragar waya, saboda akwai yanyawa irin tasu, ja, mai girman ƙaramin kare, tana yawo cikin gari da dare tana bin shara, kuma ƙarƙashin irin wannan ɗaki take so ta haƙa ta haihu.

Girman ɗakin ƙafa biyar ne da ƙafa huɗu, tsayi ƙafa biyar da rabi a tsakiya. Su ma nan, duk da mitar da ke cikin takardunsu, in ana maganar rumfar bayan gida da ƙafa da inci suke lissafi, sai na ji kamar a rumfarku nake. Ban yi aiki da ƙusa sosai ba, sukuru na ɗaura ko'ina, don ran tashi in kwance bango huɗun in ɗora a mota. Maƙwabcinmu na hagu, wani dattijon Bature da ya yi ritaya, shi ya ara mini injin ɗaura sukuru mai batir. Shekara biyu muna gaisuwar ɗaga hannu kawai da mutumin nan, amma da ya ji ƙarar zarto sai ga kansa ta saman shinge, yana tambaya yana ba da shawara, wata in ɗauka wata in yi murmushi. Ya ga yadda nake gwada kusurwa da awon uku, huɗu, biyar kamar yadda kuka koya mini, ya tambaye ni makarantar da na yi. Na ce masa makarantar tana Kano kuma malamin yana nan da ransa. Abin da ya taimake ni shi ne tsawon rana. A watan Yuni magariba sai wajen goma saura kwata na dare, in na taso aiki ina da sauran haske mai yawa. A Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi.

Rufi ban sa kwano ba, saboda kaifin bakinsa daidai kan yara yake. Allo na shimfiɗa, na bi shi da wani abu mai kauri da ake jiƙawa da kwalta a barbaɗa masa yashi, ana sayar da shi a naɗe. Daga ƙasa ake fara shimfiɗawa, na sama ya hau kan na ƙasa, a kafe da gajerun ƙusoshi masu faɗin kai. Taga biyu na yi, na sa roba mai haske maimakon gilashi. Ƙofa ita na fi daɗewa a kanta. Ƙa'idar masu ƙera kayan yara a nan ita ce tsakanin ƙyaure da jikin ƙofa ta wajen hinji, ko dai ya matse yadda yatsa ba zai shiga ba, ko ya kai milimita 12 yadda in ya shiga ba zai datse ba. Na bar mata sarari isasshe, kuma ban sa sakata ba ko ta ciki ko ta waje, kada wata rana ta kulle kanta ko wani ya kulle ta. Fenti mai ruwa na shafa, marar wari. Ita ta zaɓi kala, rawaya da ƙofa kore, duk ƙoƙarin mamanta na ta sauya ra'ayi ya ci tura.

Yanzu ku zo ku ga iko. Ba mai shiga sai ya yi sallama, kuma sai ya cire takalmi ya ajiye a kan daɓe. Ni in zan shiga sai na durƙusa na rarrafa, in zauna gwiwa a ƙirji, ita kuma ta ce mini "sannu da zuwa, ya hanya", da Hausarta da take karyewa a tsakiya Turanci ya cike gurbin. Sai ta ɗauko murfin kwalba ta zuba mini shayi na ƙarya, ta tsaya a kaina sai na shanye na ce ya yi daɗi. Mamanta ta koya mata tuwon ƙasa, da miyar ganyen da take tsinkowa a jikin shinge. Yashin ma, Baba, saye na yi, a buhu, wankakke, na wasan yara. Na san Inna za ta yi salati in ta ji ɗanta ya sayi ƙasa da kuɗi. Kullum da yamma sai an rufe shi, in ba haka ba kyanwoyin unguwa su mai da shi makewayi.

Abin da ya fi faranta mini rai ban yi lissafinsa ba tun farko. Maƙwabtanmu na dama 'yan Pakistan ne, suna da yara biyu sa'o'inta. Suna hango rufin ta saman shinge suka dami uwarsu, har ta zo ta ƙwanƙwasa ta nemi izini. Yanzu kusan kullum suna nan, jikar dattijon nan ma in ta zo ranar Asabar sai a miƙo ta ta kan shinge. Ana faɗa a kan wa zai zama mai gida, a yi kuka, a shirya. Wayar da muke kokawa a kanta sai ta wuni ba ta tambaye ta ba. Hayaniyar tana isar mamanta wani lokaci, amma ni in na dawo daga aiki na jiyo ta tun daga ƙofa, daɗi nake ji.

Ina da tambaya, don ku ne malaman. In aka kwana biyu ana ruwa ƙyauren yana kumbura ya riƙa gogar dokin ƙofa, in rana ta fito ya koma daidai. In rage masa ƙasa yanzu, ko in bari sanyi ya shigo in ga iyakar kumburinsa tukuna? Sannan bakin filankin da na yanka, fenti kawai ya isa ko akwai abin da kuke shafawa ya hana shi shan ruwa? Ku gaya wa Auta ya naɗo mini muryarku ya turo.

Akwai wani ɗan'uwa da muke masallaci ɗaya da zai zo Kano a watan Agusta, zan ba shi lambar Auta. Don Allah Inna ta sama wa takwararta ƙaramar tabarmar kaba, da 'yar ƙwarya da ludayi, da faifai ƙarami, da muciya in an samu ta yara. Kada a sa kilishi ko man shanu a cikin kayan, nama da kayan madara ba a shigowa da su nan, a filin jirgi za a karɓe, a jawo wa bawan Allah magana. Na tura kuɗin maganin Inna da na gyaran indararon zaure ta hannun Yaya, ya ce sun shiga. Hotunan ɗakin suna wayar Auta, ku duba haɗin kusurwar rufin da kyau ku faɗa mini gaskiya.

A gaishe mini da Inna, da Yaya da iyalinsa, da Gwaggo, da Malam liman, da duk mutanen rumfa. Maman Ummi tana gaishe ku ƙwarai, tana neman addu'a. Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya sada mu da alheri.

Wassalam.
Ɗanku.