Wasiƙa daga Agege kan allurar Hajiya

Agege, Legas

Aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya jikin Hajiya? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da cunkoson motoci.

Ka ce likita ya ambaci wata allurar ciwon daji mai tsada, alhali sunanta ɗaya da wadda ake yi wa Hajiya. Gaskiya ya faɗa. Maganin duk doxorubicin ne, yana kashe ƙwayoyin daji, amma idan ya taru a jiki yana raunana zuciya. A mai tsadar, an ƙunshe shi cikin wani ɗan mitsitsin ƙulli na kitse, faɗinsa kusan nanomita 100. Silin gashi ɗaya ya fi shi kauri sau ɗaruruwa. Tun 1995 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi da sunan Doxil.

Ana shafe bayan ƙullin da wani sinadari, PEG, don kada garkuwar jiki ta yi saurin cafke shi, sai ya daɗe yana yawo cikin jini. Jijiyoyin jinin zuciya a matse suke, da wuya ya ratsa su. Su kuwa na cikin ƙari a gurguje suka tsiro, sun huhhuje kamar tsohon kwando, ta nan yake zurarewa ya taru, yana sakin maganin sannu a hankali. Dangin wannan dabara aka yi amfani da ita a rigakafin korona na Pfizer da Moderna: ƙwayar halittar jiki ta haɗiye ƙullin, tsamin cikinta ya sauya kitsen, ya fasa jakar da ta rufe shi, saƙon rigakafin da ke ciki ya fito.

Amma kada ka sa rai fiye da kima. Hanta da saifa ne ke kwashe yawancinsa. Wani nazari da aka yi a Toronto a 2016 ya nuna cewa a jikin dabbobin gwaji, abin da ke isa ƙarin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Babban amfaninsa shi ne sassauta wa zuciya, kuma shi ma yakan sa tafin hannu da na ƙafa su yi ja, su saɓule.

Don Allah kada ka sayar da gonar nan tukuna. A fara yi wa Hajiya hoton zuciya, ka tambayi likitan ko lallai tana bukatar mai tsadar, sannan ka turo mini sakamakon ta WhatsApp.

Ka gaishe ta da jiki, da su Maman Khadija.

Naka,
Bashir