A Riƙa Ba Da Labarin Takun-saƙar Kan Iyaka Dalla-dalla

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Ina roƙon fili in yi magana kan yadda jaridunmu ke ba da labarin zaman tankiya tsakanin ƙasashe. Sai an fara kwasar gawarwaki labari ke hawa shafin farko, alhali kafin nan an sha jan daga da barazana, duk an wuce su da layi biyu. Abin yana damuna ƙwarai.

Masana sun daɗe suna ƙidayar irin waɗannan rigingimu. A 1963 ne J. David Singer ya kafa shirin tattara bayanan yaƙe-yaƙe mai suna Correlates of War a Jami'ar Michigan ta Amurka. A ma'auninsu, rikici ba ya zama yaƙi sai mutanen da suka mutu a fagen daga sun kai 1,000. Waɗanda ba su kai haka ba an ware musu rumbun bayanai na daban da ya ƙunshi rigingimu tun daga na 1816, aka jera su hawa-hawa: barazana da baki, sai nuna ƙarfi kamar girke dakaru a iyaka, sai amfani da ƙarfin kansa, kamar kame jirgin ruwa ko musayar wuta. Daga wannan ƙidaya aka gane cewa mafi yawansu suna lafawa ba tare da yaƙi ba, amma rigimar mallakar ƙasa ta fi saurin rikiɗewa, musamman tsakanin maƙwabtan da suka saba karawa.

A duba abin da ya faru a kwarin Galwan da ke kan iyakar Indiya da Sin a watan Yunin 2020. Sojojin Indiya da na Sin sun gwabza cikin dare a kan tsaunuka masu tsananin sanyi, da duwatsu da sanduna masu ƙusoshi, domin yarjejeniyar 1996 ta hana buɗe wuta kusa da layin da ya raba su. Indiya ta ce ta rasa sojoji 20. Sin kuwa sai a Fabrairun 2021 ta amsa mutuwar huɗu. Ƙasashe biyu masu makaman nukiliya ke nan, kuma mai ƙidaya ya yi wata takwas yana jiran adadin ɓangare guda.

Bakassi ma haka ta yi ta ci a hankali tsakanin Najeriya da Kamaru kafin hukuncin Kotun Duniya na 2002. Wa'adin kwana bakwai da ECOWAS ta ba sojojin Nijar a Yulin 2023 shi ma barazana ce irin ta hawan farko.

To, ina masu bincike ke samo bayanansu? Galibi daga rahotannin 'yan jarida. Abin da ba a rubuta ba ba zai shiga lissafi ba, kuma iyakokin da manyan kafofin labarai ba sa leƙawa su ke faɗuwa a wannan rami. Shi ya sa nake roƙon wakilanku: in sojojin wata ƙasa suka ƙetara iyaka, ko aka tsare masunta a ruwan da ake jayayya a kansa, a faɗi rana da wuri, a faɗi wanda ya fara, ko an yi harbi, da abin da kowace gwamnati ta ce. A kuma koma bayan mako guda a gaya mana yadda ta kaya.

Wassalam,
Mai bibiyar jaridarku.