Kwamfuta ba buhun dabino ba ce, masu kago a ji tsoron Allah

Assalamu alaikum Edita. Don Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana mazauna Saudiyya da kuma masu harkar kago, wato jigilar kaya zuwa gida, ko shahan kamar yadda muke cewa a nan. Sana'ata gyaran kwamfuta ce a Jidda, kuma maganar nan ta daɗe tana cina a rai.

Mutum zai tara 'yan riyalolinsa, ya shiga manhajar saye da sayarwa ta Haraj a waya ko ya taka zuwa kasuwar Sawarikh, ya samu laftof na hannu, HP ko Dell mai lafiya, ya kawo mini in duba in sa mata sabon batir in goge ta tas, don ɗansa ko ƙaninsa da ya samu jami'a a Kano ko Sakkwato. Bayan sati biyu sai ga hoto a WhatsApp, sikirin ya tsage baƙin ruwa ya malale a ciki kamar an zubar da tawada, marfin ma ya karye daga gindi. Wanda ya aika ya ce mai kago ne, mai kago ya ce ai dama haka ta zo, yaro a gida yana zargin babansa ya sayo masa gwanjon banza, ni kuma mai gyara a ce ko ni na ɓoye aibi. Kowa na rantsuwa, ba mai shaida ko ɗaya.

Abin da ke ba ni haushi shi ne kalmar nan "ƙaddara ce". Mun yarda da ƙaddara mai kyau da mara kyau, amma Malam kai da ka karɓi kuɗin kilo, ka tura laftof ƙasan katan, ka jibga dabino da bargo da tulin jallabiyya a kai, yaranka suka hau suka danne da gwiwa don salatif ya kama, wallahi wannan sakaci ne kuma amana ce ka ci. Yawancin ofisoshin mutanenmu ko fatura, wato rasit, ba sa bayarwa, sai dai a rubuta suna da lambar waya da alƙalamin maka a jikin kwali shi ke nan, in ka ce a ba ka takarda sai a ce haba Alhaji ba ka yarda da mu ba ne? Na yarda da kai mana, amma rubuta.

Mutane da yawa ba su san akwai doka a kan kayan jirgin sama ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Saudiyya da Najeriya duk sun sa hannu, ta ce in kayan kago sun lalace a rubuta ƙorafi cikin kwana 14 da karɓa, in jakar matafiyi ce kwana 7. Sai dai diyyar da kilo ake lissafa ta, ba da darajar kaya ba, kuma tun ƙarshen 2024 abin bai wuce kusan dala 35 a kilo ɗaya ba, sai in an bayyana darajar kayan tun farko an biya ƙari. To laftof mai kilo biyu nawa ke nan? Ko kuɗin sikirin mai kyau da ƙyar. Kuma sunan mai kago ne a takardar jirgi ba naka ba, shi ne zai iya neman haƙƙin, shi ya sa in ba ku yi yarjejeniya a rubuce da shi ba ka tashi a tutar babu.

Mu ma masu aikawa da namu. Kafin ka miƙa, kunna ta a gaban mai kago a ɗauki bidiyo, a ga sikirin, a ga kibod, a ga lambar da ke ƙasanta. Kashe ta gaba ɗaya, ba rufe marfi kawai ba, don in ta farka a cikin kwali za ta yi ta zafi. Caja kuma a naɗe ta daban, mafi yawan sikirin da na gani ya fashe kan cajar nan mai ƙafa uku ne aka ɗora a kan marfi sannan aka danne. In tsohuwa ce mai faifan ajiyar bayanai na HDD, wanda ke juyi sau 5400 ko 7200 a minti, bugu ɗaya mai ƙarfi ya isa ya lalata shi, gara ka kwashe abin da ke ciki ko ka canza zuwa SSD, ma'ajiyar da ba ta juyi. Ta tebur kuwa a cire katin hoto in babba ne a naɗe shi shi kaɗai, in ba haka ba nauyinsa zai ɓalle madabod a hanya. Akwai kuma wani ɗan jan maɓalli na zaɓar ƙarfin wuta a bayan tsofaffin na tebur mai 115 da 230, tsofaffin gidajen nan da yawa wutarsu 127 ce, in an bar shi a 115 aka jona a wutar Najeriya sai ka ji fau, hayaƙi, a ɗora wa mai kago laifin da ba nasa ba.

Ni dai in ka tambaye ni, laftof ka jira mai zuwa Umra da ka amince da shi ya riƙe ta a jakar hannu, dama kamfanonin jirage sun fi son kayan batirin lithium a hannun fasinja.

Ku kuma na gida, kar a ba yaro ɗan aike ya karɓo ya sa hannu ya taho. A buɗe a wurin, a kunna, in da matsala a ɗauki hoto kafin a fita daga shagon, kuma kar a garzaya wurin masu gyara na Farm Centre ko Beirut a Kano a kwance ta kafin a yi magana da mai kago, da zarar an sa sukundireba magana ta mutu. In batir ya kumbura kar a jona ta a wuta sam.

Shugabannin masu kago na Jidda da Makka da Madina, ku zauna ku fito da takarda guda wadda za a riƙa rubuta irin kaya da lafiyarsu da kuɗinsu da abin da za a biya in sun lalace, ku ƙara kuɗi a kan kayan lantarki in ya kama, za mu biya.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Daga wani mai gyaran kwamfuta,
Hindawiyya, Jidda