Rahoton Ayyukan Shekara: Imel Mai Tsaro Tsakaninmu da Ƙwararrun Likitoci

Assalamu alaikum 'yan uwa,

Bana kusan duk ƙarfin ƙungiya ya tafi ne kan abu guda: yadda likitan ƙaramin asibiti zai aika bayanin majiyyaci ga ƙwararre ba tare da asirin mutum ya tonu ba.

Kowa ya san yadda muka saba. Ko dai takarda, wadda dattijuwa za ta ƙulle a bakin zani ta nufi Asibitin Koyarwa na Shika da ke Zariya, kafin ta isa gumi ya cinye rabin rubutun, ko kuma hoton sakamakon gwaji ta WhatsApp. Gaskiya ne saƙon WhatsApp a rufe yake tafiya, amma hoton yana nan kwance a waya, cikin hotunan suna da biki. Wani daga cikinmu ya faɗa a zaman kwamiti cewa ya dawo daga masallaci ya tarar da ɗansa yana latse-latsen wayarsa, ga hoton ƙirjin wata baiwar Allah a buɗe, sunanta ɓaro-ɓaro. Ranar babu wanda ya yi dariya.

Doka ma ba ta bar mu ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin majiyyaci sirri ne, ita kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Idan suka fita ta yadda za su cutar da mai su, awa 72 aka bayar a sanar da hukumar kare bayanai.

Mun yi bita kan amfani da imel mai tsaro a Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru. Abin da muka tsayar kaɗan ne: lambar kati a kan saƙo maimakon suna, kalmar sirri haɗe da lambar da ke shigowa waya, kuma ban da buɗe akwatin imel a kwamfutar teburin karɓar kati. Abin da ya fi wuyar shiga kan mutane shi ne dole makullin ya kasance ta ɓangare biyu. Ka kulle ƙofarka, na can ya bar tasa a buɗe, aikin banza ke nan.

Inda muka gaza shi ne amsa. Muna aikawa, amma sau da yawa shiru, sai majiyyaci ya dawo da jakar magani muna tambayarsa me babban likita ya ce. Ba ma ganin laifinsu, mun san layin da ke jiransu kullum. Wasunmu ma ba sa duba akwatin sai wuta ta dawo.

Don haka baɗi za mu nemi zama da shugabannin sassa a amince da gajeriyar amsa: cutar da aka gano, maganin da aka sa, ranar dawowa. Wanda bai buɗe akwatinsa ba tukuna ya same ni bayan taro, ya zo da wayarsa da caji.

Wassalam,
Sakataren Ƙungiya